Daga majigi zuwa ƙwaryar wake: yadda kimiyya ke isa ƙasar Kabo da Gwarzo

Titin da ya fita daga birnin Kano ta Kabuga ya nufi yamma yana wucewa ta ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya ratsa ƙasar Rimin Gado da ta Kabo, ya isa Gwarzo bayan tafiyar kimanin kilomita 70, daga nan ya tsallaka jihar Katsina ta Dayi. A bakinsa na gabas akwai ɗakunan bincike inda ake iya ciro DNA daga ganyen shuka cikin yini guda. A bakinsa na yamma akwai gonakin dawa da gero da masara da gyaɗa, da waken da ake sakawa a tsakanin kunyoyi, wanda daga gare shi ake samun ƙosan safe da harawar dabbobi. Mota tana gama wannan tafiya cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Ilimin zamani kuwa ya fi shekara ɗari yana lalube kan yadda zai yi ta, wani lokaci ya isa a karɓe shi hannu bibbiyu, wani lokaci a rufe masa ƙofa.

Tambayar ta sake tasowa ne saboda wake. A watan Disamba na 2019 aka amince da fitar da wani iri mai suna SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta shafe kusan shekara goma tana gwajinsa ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku. An dasa wa waken ƙwayar gado guda ɗaya da aka ɗauko daga wata bakteriya ta cikin ƙasa, wadda ke sa shukar ta samar da sinadarin da ke kashe tsutsar nan mai huda fure da kwanson wake. A mummunar shekara tsutsar tana iya lalata har kashi 80 cikin ɗari na amfanin gona, shi ya sa manomi kan yi feshi sau shida zuwa takwas kafin girbi. Masu sabon irin sun ce feshi biyu ya wadatar. Shi ne abincin farko da aka sauya wa ƙwayoyin gado da Nijeriya ta halatta nomawa. A watan Janairu na 2024 masarar TELA ta biyo baya, kuma kafin damina ta kankama maganganu sun cika wayoyi: irin yana kashe ƙasa, yana hana haihuwa, ba ya tsira idan an sake shuka shi. A watan Mayu na shekarar Majalisar Wakilai ta nemi a dakata da shigo da irin waɗannan iri har sai ta yi bincike.

Waken nan ma tsohon yayi ne a wurin masana. Ɗauko ƙwayar gado ɗaya a kai ta wani jiki abu ne da ake yi tun shekarun 1970, kuma da shi ake samar da insulin ɗin masu ciwon suga tun 1982. Abin da ya zo daga baya, tun wajen shekarar 2000, shi ne kimiyyar harhaɗa ƙwayoyin gado: a ɗauki sassa da dama daga halittu daban-daban, ko a rubuta su a kwamfuta a sa inji ya haɗa, a jera su yadda mai gyaran rediyo ke jera wayoyi, har ƙwayar yis ko bakteriya ta koma ƙaramar masana'anta. Da wannan hanya Jay Keasling da abokan aikinsa a Kalifoniya suka sa yis ya riƙa samar da tushen maganin zazzaɓin cizon sauro da a da sai daga wani ganye ɗan'uwan tazargade ake samunsa, kuma kamfanin Sanofi ya fara sarrafa shi a 2013. Dokar Nijeriya ta riga ta san da zuwan wannan kimiyya, domin gyaran da aka yi wa dokar hukumar NBMA a 2019 ya ambace ta da sunanta. Harshen da za a yi wa mutumin Getso ko Garo bayaninta ne bai gama samuwa ba. A Hausar rediyo, «ƙwayar halitta» ita ce ɗan mitsitsin ɗakin da aka gina jiki da shi, ita ce kuma ƙwayar gadon da ke cikin ɗakin, ita ce DNA ɗin da aka rubuta gadon da shi. Abu uku, suna ɗaya. Kalmar «halitta» kanta tana da nauyi a kunnen Musulmi, wanda ya san gargaɗin da ke cikin Suratun Nisa'i game da canza halittar Allah. Mai fassara da ya ce «an sauya wa wake halitta» ya yanke hukunci tun kafin a fara sauraron shari'a, ko da bai nufa ba.

Hanyar farko da hukuma ta bi don kai ilimin lafiya da na noma karkara ita ce ta faɗa da nunawa daga nesa. Wani jami'in lafiya Bature mai suna William Sellers ya fara amfani da fim a Legas tun ƙarshen shekarun 1920, kuma shi aka ba jagorancin sashen fina-finan mulkin mallaka da aka kafa a 1939. Daga nan majigi ya samo asali: mota mai injin wuta ta iso gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi ko dagaci, mai sharhi ya riƙe lasifika yana fassara. Gwamnatin Jihar Arewa ta gaji wannan tsari, ta yi aiki da shi a zamanin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, ta kuma nuna rangadin Sardauna da shi. Fina-finan suna da ƙira ɗaya da aka yi ta maimaitawa: mutum biyu, mai hankali da wawa. Mai hankali ya bi maganar malamin gona ko malamin tsafta, ya wadata; wawa ya ƙi, ya tsiyace. Turawan da ke yawo da majigi suna da wani labari da suke so, na 'yan kallon da aka nuna wa sauro cike da allo suka ce ai nasu sauron bai kai haka girma ba, saboda haka babu abin tsoro. Suna ba da labarin ne don nuna ƙauyancin 'yan kallo. Amma wanda ya faɗi haka ya kama wani abu na gaskiya: an nuna masa abin da ba shi da hanyar auna shi da kansa, aka ce ya yarda.

Alhali kuwa manomin ƙasar Kano bai taɓa zama mai jiran a faɗa masa ba. Lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, auduga Turawa suka sa rai za a yi ta lodawa zuwa masaƙun Ingila. Manoma suka yi lissafinsu, suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, ta fi sauƙin aiki, kuma idan fari ya zo ana iya cin ta, suka cika tasha da ita tun daga kakar 1912. Shekaru hamsin bayan haka malaman Samaru suna ta fama da manoma su daina cakuɗa amfani a gona ɗaya, har sai da David Norman ya zauna a ƙauyukan kusa da Zariya yana auna aiki da riba, ya tarar cewa haɗa gero da dawa da wake ya fi ba da riba a kan kowace kadada, ya kuma fi kare gida daga asarar shekara. Manomi yana gwaji kowace damina. Idan ya samu sabon iri yakan ba shi kunya biyu ko uku a gefen gona, ya zuba ido.

Aikin gona na hukuma ya fara cin nasara ne lokacin da ya shiga wannan ɗabi'a maimakon ya yaƙe ta. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da kuɗin Bankin Duniya, a ƙasar da ke maƙwabtaka da Gwarzo ta yamma, kuma a farkon shekarun 1980 Kano ta kafa tata hukumar, KNARDA. Tsarin da aka bi shi ne malamin gona ya riƙa zagayowa duk bayan mako biyu, ya yanki ɗan fili a cikin gonar manomi, a yi sabuwar dabara a nan, sauran gonar kuma a bar ta yadda aka saba. Da shirin Sasakawa ya shigo Nijeriya a 1992, da ofishinsa a Kano, sai ya faɗaɗa filin zuwa rubu'in kadada, kuma manomin ne da kansa ke shuka, ya sa taki, ya yi girbi, maƙwabta na kallo daga kan hanya. Yaɗuwar masara a yammacin Kano, inda a da dawa da gero ke sarauta, tana da dalilai da yawa, har da takin gwamnati mai rahusa da sabbin iri, amma gonar gwaji ce ta mayar da maganar malamin gona abin da ake iya ƙirgawa da buhu. Gani ya kori ji.

Misalin da ya fi kowanne tsafta shi ne na buhu. Ƙwaron da ke cin wake a rumbu ya daɗe yana tilasta wa manomi ɗaya daga cikin biyu: ya sayar da arha da kaka, ko ya zuba wa waken guba. Gubar ta kai ga Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, kuma a gida ba a rasa labarin iyalin da suka kwanta asibiti bayan cin wake. Masana na Jami'ar Purdue a Amurka, tare da Ibrahim Baoua na cibiyar INRAN a Maraɗi, sun tace wata dabara mai sauƙi: buhu mai ruɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, a ɗaure kowanne dabam. Ƙwaron ya shaƙe iskar da ke ciki, ya daina ci da haihuwa, ya mutu. Daga 2007 aka fara yaɗa buhun PICS a ƙasashe goma na yammaci da tsakiyar Afirka, kuma wani kamfani a Kano, Lela Agro, yana cikin masu ƙera shi. Yadda aka koyar da shi ne abin lura. Da kaka a tara mutanen gari, wasu daga cikinsu su kawo wakensu, su zuba da hannunsu, su ɗaure, su kai ɗakinsu su ajiye. Bayan wata huɗu zuwa shida a sake taruwa a kwance buhunan a gaban kowa. An yi haka a ƙauyuka sama da dubu 30. Waken na mai shi ne, ajiyar a hannunsa take, kuma da dabarar ƙarya ce da a bainar jama'a za ta tonu. Masu shirin sun yarda su shiga wasan da za a iya cinye su a cikinsa, shi ya sa aka yarda da su.

Kano ta kuma ga abin da ke faruwa idan babu buhun da za a kwance. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba, kuma a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Da maganar ta taso a 2003 cewa allurar shan inna tana ɗauke da sinadarin hana haihuwa, ta sami ƙasa a jiƙe. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin har zuwa Yulin 2004, lokacin da aka kawo na ƙasar Indonesiya, kuma daga wannan lokaci zuwa 'yan shekarun da suka biyo baya cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan ashirin da suka riga suka rabu da ita. Ɗigon rigakafi ba shi da gonar gwaji. Amfaninsa shi ne abin da bai faru ba, yaron da bai shanye ba, kuma ba a nuna wa mutum abin da bai faru ba. Sai da aka koma ga sarakuna da limamai, aka ɗauki dubban mata 'yan unguwa suna shiga gida-gida, aka sa waɗanda cutar ta nakasa a gaba suna magana da bakinsu, har majigi aka farfaɗo da shi a Gezawa, kafin a ga ƙarshen ainihin ƙwayar cutar ta asali a Kano a 2014.

Sabuwar kimiyyar tana tsakanin waɗannan biyun. Gonar gwaji tana iya nuna cewa waken Samaru ya fi na gefensa kwanso, kuma ana nuna hakan. Amma tambayoyin da ke damun mutane ba a kwanso suke ba. Me aka sa a ciki? Zai bi jinin wanda ya ci? Zai bi ƙasa? Idan aka ajiye iri, na baɗi zai yi kamar na bana? Wa ke da shi? Duk waɗannan suna faruwa ne a wurin da ido ba ya kaiwa, ko a lokacin da bai zo ba tukuna, kuma a nan ne wasu masu koyar da kimiyya a ƙasashen waje suka koma ga wasa.

A 2015 da 2016 Gidan Kimiyya na Boston da abokan aikinsa suka gudanar da wani shiri mai suna Building with Biology, suka rarraba akwatunan kayan wasa zuwa wurare kimanin 200 a faɗin Amurka. Masana matasa ne ke zama a bakin tebur, jama'a na wucewa suna tsayawa. A wani tebur ana ba mutum sassa ya harhaɗa ƙwayar da za ta warware wata matsala. A wani ana ba shi 'yan kuɗin wasa ya raba su a kan fasahohin da yake ganin sun cancanta, sannan a tattauna dalilinsa. A wani kuma ana ciro DNA daga ƙwayar alkama ya gan shi da idonsa. Akwai kuma zama na musamman a kan ko ya dace a sauya wa sauro ƙwayoyin gado. Kafin wannan, a 2008, masana a Jami'ar Washington sun fitar da wasan kwamfuta mai suna Foldit, inda mutanen da ba su karanta kimiyya ba ke naɗe siffar sinadaran jiki kamar masu warware wasa ƙwaƙwalwa, kuma a 2011 'yan wasan suka gano siffar wani sinadari na ƙwayar cuta da ya gagari masana sama da shekara goma. Wannan na biyu yana buƙatar intanet da lokaci. Na farkon ne ya fi kusa da abin da za a iya yi a ƙarƙashin bishiya a ranar kasuwa.

Ciro DNA, alal misali, ba ya buƙatar komai da babu shi a Gwarzo: albasa ko ayaba, gishiri, sabulun ruwa na wanke-wanke, ƙyallen tacewa, da sifirit mai sanyi daga kemis. A dama, a tace, a tsiyaya sifirit a hankali, sai wani farin abu mai yauƙi ya taso kamar zaren koko. Darasinsa guda ne, amma babba: albasar da ba wanda ya taɓa ta ma cike take da ƙwayoyin gado, kuma mutum yana cin su tun ranar da aka yaye shi ba tare da ya zama albasa ba. Kada a ɗauka wannan ruɗani na mutanen karkara ne. A binciken jin ra'ayi da aka yi a Turai a ƙarshen shekarun 1990, kusan kashi ɗaya cikin uku sun ɗauka tumatir na yau da kullum ba shi da ƙwayoyin gado, sai wanda aka sauya.

Kalmar «wasa» tana da tata matsalar. Magidanci mai 'ya'ya goma ba zai bar aikinsa don an ce za a yi wasa ba, kuma malamin jami'a da ya zo da katunan launi-launi zai tara yara ne, manya na kallo daga nesa. Amma ƙasar Hausa tana da wasan manya. Dara ce: gurabe talatin a haƙe a ƙasa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, duk wanda ya jera uku ya ci ɗaya. Dattawa ke yin ta, ana yin ta da lissafi, kuma 'yan kallo suna da baki a ciki. Har ma akwai wata kama da za a iya ara, tunda rubutun gado haruffa huɗu ne kacal da ake karantawa uku-uku, kuma gocewar ɗaya tana iya ɓata jeri duka. Kamar dai ba ta da nisa, kada a ja ta fiye da ƙarfinta. Abin da dara ke bayarwa shi ne zama: a ƙasa, a da'ira, da kayan da kowa ya sani, ba tare da wani yana tsaye da alli ba.

Ƙofar da ta fi buɗewa ita ce ta sikila. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya suna ɗauke da gadonta, ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ita a shekara, kuma tun Mayun 2024 dokar jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin ɗaurin aure. Saboda haka AA da AS da SS sun shiga bakin waliyyai da limamai. Abin da bai shiga ba shi ne ma'anar «ɗaya cikin huɗu». Mutane da yawa, har da masu digiri, suna fahimtarsa kamar rabon gado: idan na fari ya zo da cutar, uku na bayansa sun tsira. A kawo ƙwarya biyu, ɗaya ta uba ɗaya ta uwa, a zuba wa kowacce farin wake da jan wake daidai-wa-daida. Mutum ya rufe ido ya ɗauko ƙwaya ɗaya daga kowacce. Ja biyu shi ne SS. Ya mayar, ya girgiza, ya sake, har sau huɗu, ya zama ya haifi 'ya'ya huɗu ke nan. Idan mutum ashirin suka yi haka a jere, za a ga wani bai sami ko ɗaya ba, wani ya sami biyu, wani ma uku. Ƙwarya ba ta tuna abin da ta bayar ɗazu. Lissafin ya nuna cewa a cikin gidaje masu 'ya'ya huɗu na irin wannan aure, kusan 68 cikin ɗari za su sami aƙalla ɗa ɗaya mai cutar, masu 'ya'ya shida kuma 82. Likita yana iya faɗin wannan a minti ɗaya a manta. Wanda ya ɗauko ja biyu sau uku a jere da hannunsa, jama'a na salati, ba ya mantawa. Daga nan kuma hanya a buɗe take zuwa sabuwar kimiyyar, domin cutar gaba ɗayanta canjin harafi ɗaya ce a cikin haruffa kimanin biliyan uku, kuma a ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da maganin Casgevy, wanda ke gyara ƙwayoyin ɓargon majiyyaci su koma yin irin jinin da jariri ke yi a ciki. Kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Wannan adadi ma yana cikin darasi.

Ƙwaryar nan dai tana iya warware maganar irin da «ba ya tsira». Masara mai aure, wadda ake sayarwa a Nijeriya tun tsakiyar shekarun 1980, 'yar iyaye biyu ce mabambanta: zubin farko yana fitowa bai ɗaya, amma idan aka ajiye 'ya'yansa aka shuka sai halayen kakanni su warwatse, amfani ya ragu. Haka take ko an sauya mata ƙwayoyin gado ko ba a sauya ba, kuma TELA mai aure ce. Wake kuwa kansa yake yi wa barbara, don haka wanda aka ajiye yakan fito kamar uwarsa. Mai jita-jita ya haɗa abu biyu ya dama, amma a ƙarƙashin maganarsa akwai tambaya ta gaske, ta wanda zai riƙa zuwa shago kowace shekara da kuɗi a hannu.

A nan ne haɗarin yake. Wasa ma ana iya murɗe shi. Idan mai sayar da iri ne ya tsara katunan, kowace hanya za ta ɓulle ga sayen irinsa, kuma an dawo ga mai hankali da wawa, sai dai yanzu da wake a hannu maimakon farin ƙyalle. Wasan gaskiya dole ya ƙunshi katin da masu fasahar ba sa son a jawo. Akwai na Burkina Faso, wadda ta rungumi audugar da aka sauya a 2008, ta yi watsi da ita a 2016 saboda zarenta ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya. Akwai na Indiya, inda tsutsar auduga ta saba da gubar cikin shukar a cikin 'yan shekaru, manoma suka koma feshi. Wannan na biyu ma ana iya buga shi da wake: a baza farare ɗari da jajaye biyu a tabarma, a tsince farare kawai a matsayin waɗanda guba ta kashe, a ninka abin da ya rage, a sake, kafin zagaye na biyar tabarma ta yi ja. Wanda ya buga wannan ya fahimci dalilin da ya sa ake cewa a bar wa tsutsa wani yanki na shukar da ba ta da gubar, ya kuma fahimci cewa alkawarin feshi biyu yana da sharaɗi.

Haka nan wasan raba kuɗi. Idan aka ba manomin Kabo tsakuwa goma, gurabe kuma duk na fasahohin ɗakin bincike ne, an tambaye shi abin da ba shi ne damuwarsa ba. A ƙara gurbin farashin taki, da na yashe dam ɗin Guzu-Guzu, da na hanyar kai kaya Dawanau, da na ɗaukar malaman gona, waɗanda suka yi ƙaranci ƙwarai tun bayan da kuɗin Bankin Duniya ya janye. Mai yiwuwa ya zuba takwas a kan taki. Masanin da ya zo koyarwa zai koma da abin da bai zo da shi ba, kuma ɗaliban Cibiyar Noman Tsandauri ta Jami'ar Bayero da na sabuwar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Kabo su ne suka fi kusa da yin wannan zama.

Ko an yi duk wannan, bayani ba ya sayen amincewa. A Burkina Faso, shirin Target Malaria ya shafe shekaru yana zama da mutanen ƙauyen Bana, ya tsara kalmomin kimiyyar gado cikin harshen Jula tare da su, ya yi amfani da wasan kwaikwayo, kafin ya saki sauron da aka sauya a 2019. A watan Agusta na 2025 gwamnatin ƙasar ta rufe shirin baki ɗaya, kwanaki kaɗan bayan wani sabon saki. Yardar ƙauye ba ta hana hukunci daga babban birni ba, kamar yadda a Kano ta 2003 takardun masana na Abuja da Janeba ba su buɗe ƙofar gida ko ɗaya ba.

Akwai kuma waɗanda gonar gwaji ba ta taɓa gayyata sosai ba. Waken da aka girbe a ƙasar Gwarzo yana ƙarewa ne a hannun mata: mai ƙosai, mai alale, mai ɗanwake, uwargidan da ke dafa garau-garau. Yawancinsu ba sa zuwa taron ranar manoma, dandalin dara kuma na maza ne. Su ne suka fi jin maganar hana haihuwa a jikinsu, su ne kuma masu kai yaro mai sikila asibiti da tsakar dare. Shirin buhun PICS ya gane haka, ya nemi mata da gangan, shirin shan inna ma bai gama aikinsa ba sai da ya shiga cikin gida ta hannun mata. Ƙwarya da wake kayan tsakar gida ne tun asali, ana iya kai su gidan suna ko makarantar Islamiyya ta matan aure ba tare da mota ko janareta ba. Mai ƙosai kuma tana da nata gwajin da take yi wa kowane sabon wake, na Samaru ne ko na kasuwar Getso: ta jiƙa, ta ga ko ɓawonsa na fita da sauƙi, ta kai niƙa, ta buga ƙullun, ta saka cokali ɗaya a mai ta ga yadda zai tashi.